Lambar da ba ta kumbura ba

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Ni an daɗe da ɗauke mini azumi saboda tsufa, amma zafin ba wanda ya ɗauke mini shi. Jiya da hantsi ina kwance a zaure, na jiƙa rawani na ɗora a ƙirji, sai na ji Lantana tana faɗa daga cikin gida. Lantana ƴar ƙanwata ce, makauniya, tana gidana tun rasuwar uwarta, ita ma yanzu ta tsufa har yara na ce mata Iya. Jaririn jikata Rabi ne a cinyarta. Makonnin baya an yi masa allurar nan ta jarirai a hannu, wurin ya tashi ya yi ƙurji, yatsunta kuma suka ci karo da shi.

"Wace mai nauyin hannu ce ta yi wa yaron nan haka?" in ji ta. "Dubi yadda ya yi ruwa! Ai ni da Kawu ya yi mini lamba, ko tabo bai bari ba."

Na fi shekara sittin ina jin wannan magana daga bakinta, kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta tsaya mini a rai. Jiya abin ya fi na kullum, don zafin iri ɗaya ne da na waccan shekara, har warin ƙasa.

Sau uku ke nan ina ganin azumi a irin wannan lokaci. Na farkon ina saurayi, ban daɗe da karɓar zabirar wanzanci daga hannun ubana ba, Nasara kuma ba su daɗe da zama a ƙasar Damagaram ba. Daminar da ta gabace shi ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Kafin watan azumi ya tsaya, an share gindin rumbu a yawancin gidajen garinmu Matameye. A gidanmu Inna ce mai awo. Da asuba ta dama mana kunun dusa mu sha, maza mu fita sharar gona kafin rana ta ɗaga, mata su bi daji neman ganyen jiga. Da hantsi a haɗu a bakin rijiya a yi gayyar yasa, don ruwan ya gudu ƙasa, guga sai ta daɗe tana lilo sannan ta fito da rabin laka. In rana ta take, kowa ya nemi gindin gawo ya kwanta, ba mai magana, don yawun ma tattalinsa ake yi. Da magariba a buɗe baki da kunun tsamiya wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Sana'armu kuwa ta mutu. Wa zai zo a yi masa ƙaho da cikin da ba komai?

Cikin wannan hali wani gardi, dogarin Nasara, ya sauka a ƙofar mai gari, ya ce an ga agana, cutar nan mai barin zanzana, a garuruwan tsallaken iyaka, lokotoro, wato likitan Nasara, na zuwa da maganin lamba, kuma ana son wanzamai huɗu. Dalilinsu a fili yake. Ƙasar duk faɗinta lokotoro ɗaya ne, masu taimaka masa ba su cika yatsun hannu ba, mu kuwa mun saba da fata da aska. Idon ubana ya yi rauni, sai aka tura ni.

Kwana uku aka koya mana aikin, a inuwar wani gawo bayan kasuwa. Lokotoron dogo ne, zazzaɓi ya cinye shi, yana magana yana share gumi, tafinta yana juyawa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya koya mana da gaske. Ya sa aka shimfiɗa ɗanyar fatar akuya, ya ba mu wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin alƙalami, ya ce mu karce ba tare da mun huda ba. Tsofaffin wanzaman nan uku suka kumbura, ɗaya ya ce shi da ya yi wa rabin garin nan kaciya yau za a koya masa tsaga a jikin mushen akuya. Abu uku lokotoron ya kafa mana. Na ɗaya, a gasa ƙarfen a harshen wuta tsakanin mutum da mutum. Na biyu, maganin yana cikin ƴan siraran kwalabe, zafi yana kashe shi, don haka a binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗan tulu, a naɗe tulun da tsumma, kada tsummar ta bushe ko sau ɗaya. Na uku, a koma rana ta takwas a duba hannuwa. Ya naɗe rigarsa ya nuna mana tabon da ke damtsensa, ya ce dole wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya yi ɓawo, ya bar tabo irin wannan. Hannun da ya warke sumul, in ji shi, daidai yake da wanda ba a taɓa ba, sai a sake. Sau uku tafinta ya maimaita. Na ji da kunnena, kuma na faɗi haka ne don kada wani ya nema mini uzuri.

A rana ta uku muka yi wa mutanen Matameye a gabansa. Washegari zazzaɓinsa ya tashi, aka ɗora shi a doki aka mai da shi Damagaram. Ya bar mu da Anfirme Gambo, wani tsohon soja da ya daɗe yana riƙe masa tasa, aka ba shi farar riga aka ce ya zama ma'aikacin lafiya. Biyu daga cikin tsofaffin wanzaman suka ce ƙafarsu ba za ta iya yawon ƙauyuka da azumi ba, na ukun ya tsallaka iyaka wurin danginsa. Aikin ƙasa guda ya rage a hannun mutum uku: Gambo a kan doki, gardi a kan doki, ni a ƙasa da zabira.

Umarnin da aka ba kowane ƙauye shi ne a kawo tulu ɗaya na ruwa saboda magani. Ku tuna irin ruwan da nake faɗi. Mata sun yi tsayuwar safiya guda kafin su tara shi, suna azumi, ƴaƴansu na kuka. Su kawo, su durƙusa su ajiye. Gambo ya sa a kai masa bayan zana, ya yi wanka, ya wanke farar rigarsa, ya shanya a kan darni. Kwanakin farko yakan yayyafa ragowar a jikin tsummar. Da muka bar ƙauyen Icirnawa ya ce ɗan tulun yana bugun cinyar dokinsa, ya tono kwalaben ya zuba su a akwatin ƙarfe, ya ɗaure bayan sirdi. Da azahar in ka taɓa akwatin nan sai ka janye hannu.

Sau ɗaya na yi magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, lokotoro ya ce zafi na kashe shi."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai wanzam, kwana nawa ka yi kana karatun likita?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Ni shekara shida. Yi tsagarka."

Haka muka yi ta tafiya. Shi yana inuwa a kan tabarma yana jan layi ɗaya a takarda duk hannun da na karce, ni ina rana ina karta. Man ƴar fitilar da ake gasa ƙarfe ya ƙare a dafa masa kofi, don shi matafiyi ne, ya ajiye azumi. Sai na koma goge ƙarfen a cinyar wandona, ni da ubana ya taɓa marina a gaban mutane saboda na ɗora wa mutum askar da ban wanke ba.

Kurni ce ta ƙarshe, kwana goma kafin Salla. Mun tarar da garin tsit. An ɓoye yara a rumbuna, tunda dama babu hatsi a ciki, wasu an kai su gona. Gardi ya zare bulala, na ce ya dakata. Mutanen Kurni namu ne, tun kakana mu ke yi musu aski, rabin yaran nan ni na riƙe kawunansu ranar suna. Ƙanwata Hansatu ma can take aure. Na tsaya a dandali na ce su san fuskata, ba zan kawo musu cuta ba, na rantse musu cewa duk wanda aka yi wa lambar nan agana ba za ta taɓa shi ba. Ba wanda ya motsa. Sai ga Hansatu ta fito tana jan hannun Lantana, lokacin tana da shekara biyar.

"Yaya, fara da tawa," in ji ta.

Yarinyar ba ta kau da kai ba. Wasu manyan idanu gare ta, ta kafa su a kan ƙarfen tana kallon yadda nake karta, har ta tambaye ni ko shi ke nan. Daga nan yara suka yi ta fitowa daga rumbuna, ƙaiƙayi a kawunansu, muka yi aiki har la'asar.

Da muka koma Matameye sai na tarar ana tsine mana. Hannuwan da aka yi a gaban lokotoro duk sun kumbura, sun yi ruwa, yara sun yi zazzaɓi, iyaye mata na cewa an ruɓar musu da ƴaƴa. Na tuna wa Gambo zancen komawa rana ta takwas, ya yi dariya ya ce dokinsa ya gaji. Sai washegarin Salla na tafi Kurni ni kaɗai, da sunan gaisuwa, na shirya wa tawa tsinuwar.

Guɗa aka tarbe ni da ita. Surukar Hansatu, wata tsohuwa mai baki, ta riƙe hannuna ta ɗaga sama.

"Ga ɗan halak! Mun ji na Matameye duk sun ruɓe, namu kuwa kwana uku suka warke. Hannunka da sauƙi, Wanzam, ka fi ubanka."

Wanda ba wanzami ba ba zai san nauyin wannan magana ba. A sana'armu da warkewa ake auna mutum. In ka yi kaciya ko tsaga ta kumbura ta yi mugunya, an gama da kai, sai a ce hannunka da dafi. In ta kame da wuri ba tabo, gidaje su yi ta kiranka. Tun ina yaro abin da nake roƙon Allah ke nan, a ce hannuna da sauƙi. Ga shi an faɗa, a gaban gari guda, har an ce na fi ubana.

Aka yi ta turo mini yara ina dubawa, hannu bayan hannu. Sumul. Wani ma sai ka nema kafin ka ga ɗan layin, kamar ƙaya ce ta ja shi. Na san abin da nake gani. Sai ga Lantana ta taho tana rungume da wata kaza wake-wake, tata ce ta kanta, kakarta ta ba ta tana ƴar tsako. A shekarar da ake cin dusa, kaza ba ƙaramin abu ba ce.

"Kawu, Inna ta ce in ba ka tukuici."

Na karɓa. Na sa kazar a hammata, ina jin zuciyarta na bugawa a haƙarƙarina, na buɗe baki na ce, "Ai Allah ne ya taimaka." Abin da na faɗa ke nan. Muka yanka ta a gida da daddare, aka yi romo, na sha kwano biyu.

Duk da haka na je wurin Gambo kafin ya koma Damagaram. Na same shi yana ninke farar rigarsa. Na ce masa na Kurni ba su kama ba, ko ɗaya, wataƙila ma tun daga Icirnawa.

Ya ɗauko takardarsa ya buɗe mini. "Dubi nan. Gurbin cikewa nawa ka gani? Ɗaya. Hannu nawa aka tsaga, shi aka tambaya, shi na rubuta. In ka je ka ce ba su kama ba, za a ce wa ya yi tsagar? Ni ko kai? Gardi zai shimfiɗe ka a kasuwa, sannan ka koma Kurni ka gaya musu rantsuwarka ta banza ce."

Gambo ƙazami ne, har yau in na tuna ruwan wankansa yana bin ƙasa a bayan zana sai raina ya ɓaci. Amma Gambo baƙo ne, bai san sunan ko yaro ɗaya a Kurni ba. Ni na san su duka. Ba bulalar gardi ta rufe mini baki ba, guɗar nan ce.

Kwana tara bayan Salla hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka har ya kwanta a kwari. Gari ya fita da sungumi, maza na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa, irin da aka ɓoye a tukunya aka liƙe da laka don kada yunwa ta sa a ci. Yunwar damina ta fi ta bazara ciwo, don ga kore ko'ina amma ba abin sawa a baki sai tafasa da rama. Mutum ya yi kunya biyu a noma ya zauna yana ganin duhu. Sau uku na je Kurni a daminar nan, biyu gayyar noman mijin Hansatu, ɗaya suna. Kowane zuwa ina tafe ina shirya maganar a hanya. Ina isa Lantana ta rugo ta ɗaga mini hannu ta ce, "Kawu, ka ga, babu komai!" Sai in shafa kanta in wuce. Sunana kuwa ya tafi. Daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba ake aiko mini, a ce wanzamin nan mai sauƙin hannu ake so. Da wannan suna na ciyar da gidanmu har sabon gero ya nuna, da shi kuma na ci abinci har ranar da na ajiye aska.

An yi girbi mai kyau. Ana cikin ɗaure dammuna agana ta shigo Kurni a jikin wani ɗan kasuwa da ya dawo daga kudu. Da can mutanen Kurni sun san abin yi. In ta ɓulla, sai a kafa bukka can bayan gari, a kai majinyaci, a nemi tsohuwa mai zanzana a fuska wadda ta riga ta yi ta warke, ita kaɗai ke kai masa abinci. Haka kakanninsu ke yi, kuma yana rage ɓarna. A wannan karon ba a kafa bukka ba. Mai gari ya ce me za a wahala, tunda an yi wa kowa lamba? Aka bar mutumin a ɗakinsa, a tsakiyar gari. Gidansa na jikin na su Hansatu. Da matarsa ta gaji, Hansatu ta dama kunu ta ba Lantana ta kai masa, ta ce ai ita Kawunta ya yi mata.

A Matameye ma cutar ta leƙo, amma masu tabon nan da aka tsine mana saboda su tsaye suka yi ta yawonsu. A Kurni kuwa sai da masu haƙa kabari suka gaji. Da labari ya iso ni na tafi. Tun daga bakin gari wari ya tare ni, wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke maƙalewa a maƙogwaro, ƙudaje sun yi baƙi a jikin kowane asabari. Na sami Lantana kwance a kan yashin da aka shimfiɗa mata, don tabarma na kama fatarta. Ba inda za ka ɗora yatsa a jikinta. Idanun sun kumbura sun liƙe. Da suka buɗe bayan kwana goma sha, farare ne.

Hansatu ta rasa ƙaramin ɗanta a makon. Ta dube ni, ta ce, "Yaya, kada ka sa wa ranka. Kai ka yi iyakar ƙoƙarinka, maganin Nasara ne bai da ƙarfi." Haka gari duka ya ɗauka. Ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Shekaru bayan haka in aka ji masu lamba na tafe, mutanen Kurni daji suke shiga. Gambo kuwa na ji an ƙara masa girma saboda yawan hannuwan da ke takardarsa.

Yanzu wata yarinya ce ke zuwa unguwarmu yin allura, an ce shekara uku ta yi tana karatun aikin a Damagaram. Tana zuwa da wani akwati mai ƙanƙara a ciki. Nakan sa a fitar mini da kujera in zauna ina kallonta. Ban san halinta ba, ban san ko tana da kirki ba, ni murfin kawai nake kallo. Ta ɗauki kwalba ta rufe, ta ɗauka ta rufe, in inuwa ta matsa ta ja akwatin ta bi ta. Ita ta gaya wa Rabi cewa wurin zai yi ƙurji, kada a shafa masa komai.

To jiya da na ji Lantana ta ce a kawo mata man shanu da toka ta busar da ƙurjin, sai na lalubi sandata na shiga. Ta naɗe mayafinta tana nuna wa Rabi damtsenta, damtsen da zanzana ta cinye tun daga kafaɗa har wuyan hannu, tana bin sa da yatsa tana neman inda na karce. Na riƙe mata hannu.

"Kada ki shafa masa komai. Bar shi ya yi ruwa."

"Haba Kawu, kai da hannunka ko kumburi..."

"Lantana, da naki ya yi haka, da yau da idonki za ki ga yaron nan."

Rabi ta tsaya da taɓarya a sama. Lantana ta zare hannunta daga nawa, ta mai da yatsunta kan ƙurjin jaririn, ta daɗe tana shafa gefensa a hankali. Can ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika kawo mini kazarki."

Ta ja mayafi ta rufe damtsenta, ta gyara wa yaron kwanciya, ta juya fuskarta wajen bango.

Shekara arba'in ke nan Lantana ce ke kawo mini kunun safe da kanta, tana lalube bango har zaure. Yau Rabi ce ta kawo. Ban tambaye ta dalili ba.